Labarin wani sashe a Jami'ar Howard da 'yan tsana huɗu

Da fatan kowa yana lafiya, ya kasuwa, ya kuma zaman baƙunta. Na ce baƙunta ne saboda haka aka saba faɗa, duk da cewa da yawanmu a nan aka yanke mana cibiya.

Abin da ya jawo wannan rubutu wata 'yar muhawara ce da aka yi a gidanmu a nan Sabo, Badun. Ƙanwata ta gama sakandare, ta ce ita ilimin halayyar ɗan Adam take so ta karanta a jami'a, wato abin da 'yan boko ke kira saikoloji. Baba, wanda tun kafin a haife mu yake harkar goro, ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "To ke in kin gama, me za ki riƙa sayarwa?" Ta ce, "Baba, ba saye da sayarwa ba ne, nazarin tunanin mutum ne da halinsa." Ya ce, "Halin mutum? Ki zo kasuwa ki zauna wata guda, kyauta zan koya miki." Aka yi dariya, ban da ita. Ta juyo ta ce mini, "Yaya, kai ma shiru za ka yi?" Shirun kuwa na yi, domin ni a sakandare na tsaya na shiga shago, ban san abin da zan kare ta da shi ba. Wannan ne ya sa na yi kusan mako biyu ina karance-karance a waya bayan an tashi daga kasuwa, har na faɗa kan labarin da zan ba ku yau. A Amurka abin ya faru.

Mai karatu ya fara sanin cewa shi wannan ilimi, lokacin da yake tasowa a Amurka, bai yi wa baƙar fata adalci ba. A 1917, da ƙasar ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani masani mai suna Robert Yerkes ya jagoranci yi wa sojoji gwajin kaifin ƙwaƙwalwa, mutum sama da miliyan ɗaya da rabi. Da sakamako ya fito, baƙaƙe da sababbin baƙin haure suka zo a ƙasa. A 1923 wani mai suna Carl Brigham ya tattara alƙaluman ya fitar da littafi yana cewa bambancin a jini yake. Ba a tsaya an duba cewa yawancin waɗannan sojoji baƙaƙe daga kudu suka fito, inda makarantunsu ba su da abin kirki, tambayoyin kuma na wanda ya saba da rayuwar Bature ɗan birni ne. Shi kansa Brigham ya janye maganarsa a 1930, amma kun san magana zarar bunu ce.

A cikin wannan yanayi ne wani saurayi mai suna Francis Cecil Sumner ya shigo fagen. An haife shi a watan Disamba na 1895 a garin Pine Bluff, jihar Arkansas. Abin da ya fara jan hankalina gare shi shi ne bai yi sakandare ba sam. Firamare ya yi, daga nan mahaifinsa ya riƙa tsara masa karatu a gida, yana samo masa tsofaffin littattafai. A 1911, yana da shekara 15, ya zauna jarrabawar shiga Jami'ar Lincoln da ke jihar Pennsylvania, wadda ta baƙar fata ce, ya ci. Ya gama a 1915 da sakamako mai daraja. Daga nan ya wuce Jami'ar Clark da ke Worcester a jihar Massachusetts, wurin G. Stanley Hall.

Shi wannan Hall ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ne shugaban farko na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, APA, wadda aka kafa a 1892, kuma shi ya gayyato Sigmund Freud zuwa Amurka a 1909. Sai dai a cikin rubuce-rubucensa yana kallon mutanen Afirka da wasu al'ummu a matsayin jinsin da bai gama balaga ba. Amma kuma shi ne ya karɓi Sumner, ya tsaya masa. Ana cikin yaƙi Sumner ya rubuta wa wata jaridar garin wasiƙa yana sukar yadda Amurka ke wulaƙanta baƙar fata alhali tana cewa yaƙin 'yanci take yi a Turai. Gari ya ɗauka, aka yi masa ca, sai da ya nemi afuwa kafin ƙura ta lafa. Ni dai na kasa yanke wa Hall hukunci guda. Mun san irinsu a nan: mai gidan haya da zai ce Hausawa kaza ne kaza ne, amma kai da yake gani kullum ya ce ai kai daban ne, har ya tsaya maka a gaban 'yan sanda.

A 1918 aka ɗauki Sumner soja aka tura shi Faransa. Ya dawo a 1919, kuma a watan Yuni na 1920 ya kare kundinsa a kan ra'ayoyin Freud da Adler. Da haka ya zama baƙar fata na farko a Amurka da ya sami digirin digirgir a wannan fanni. To sai me? Manyan jami'o'in Turawa a lokacin ba sa ɗaukar baƙar fata ya koyar da 'ya'yansu. Ya koyar a Wilberforce, ya je Southern a Louisiana, sannan ya yi shekara bakwai a wata kwaleji ta baƙaƙe a West Virginia, yana neman kuɗin bincike ana hana shi. A can ya yi wasu rubuce-rubuce a 1926 da 1927 da suka jawo masa suka daga 'yan uwansa, domin ya nuna goyon baya ga a fi mayar da hankali kan koyar da baƙaƙe sana'a da tarbiyya. Na kawo wannan ne don kada a ɗauka waliyyi nake ba da labarinsa.

A 1928 ya koma Jami'ar Howard da ke birnin Washinton. An kafa Howard a 1867, shekara biyu bayan yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta, kuma a 1926 ta sami shugabanta baƙar fata na farko, Mordecai Johnson. Da goyon bayansa Sumner ya tsayar da nazarin halayyar ɗan Adam a matsayin sashe mai cin gashin kansa, ya kuma shugabance shi har ranar da ya mutu. Shekara 25 da ɗoriya ke nan a kujera ɗaya. Bai yi suna da wata babbar nazariyya da ake jingina masa ba. Aikinsa shi ne aji, da ɗakin gwaji, da kuma wani aiki mai cin rai da ba kowa zai yarda ya yi ba: yana karanta maƙalolin masana da aka rubuta da Jamusanci da Faransanci da Sifaniyanci yana taƙaita su da Turanci don mujallun fannin. An ƙiyasta ya yi wa maƙala sama da 3,000 haka. Mutumin da bai taka sakandare ba.

Ga wata 'yar alaƙa da mu kafin in wuce. Nnamdi Azikiwe, wanda aka haifa a Zungeru kuma ya tashi da Hausa a bakinsa, ya yi karatu a Howard kafin ya koma Lincoln ya gama a 1930. Jami'ar da ya assasa a Nsukka a 1960 ita ce ta buɗe sashen nazarin halayyar ɗan Adam na farko a Nijeriya, a 1964.

Cikin ɗaliban da suka zauna gaban Sumner akwai Kenneth Clark. Shi ma ɗan ci-rani ne kamar mu. An haife shi a 1914 a yankin mashigin ruwa na Panama, iyayensa mutanen tsibiran Karibiyan ne. Yana ƙarami mahaifiyarsa ta kwashe su shi da ƙanwarsa zuwa unguwar Harlem a birnin Niyok, ta kama aikin ɗinki a masana'antar tufafi. Da ya kusa shiga babbar sakandare, a makaranta aka ba shi shawarar ya tafi makarantar koyon sana'a, kamar yadda ake ba yawancin yaran baƙaƙe. Uwar ta taka har makarantar ta ce ba ta yarda ba. A nan na ajiye wayar na yi shiru, domin na tuna wani malaminmu da ya taɓa ce mini, cikin raha a ganinsa, me zan yi da lissafi mai zurfi tunda mu kasuwa ce gadonmu. Ni babu wanda ya taka ya je. Ban kuma ga laifin iyayena ba, su ma haka suka ɗauka.

Kenneth ya shiga Howard da niyyar zama likita, ajin Sumner ne ya karkatar da shi. Ya yi digiri na farko a 1935, na biyu a 1936. A nan ya haɗu da Mamie Phipps, 'yar wani likita daga Hot Springs a Arkansas, wadda ta shigo a 1934 don karanta lissafi. Ba ta sami ƙarfafawa daga malaman lissafin ba, ta koma sashen Sumner, ya kuma ba ta ɗan aikin wucin gadi a sashen. Ta gama a 1938, suka yi aure da Kenneth. A hutun wannan shekarar ta yi aikin sakatariya a ofishin lauya Charles Hamilton Houston, mutumin da ya horar da lauyoyin da suka yaƙi wariyar launin fata a kotu, ciki har da Thurgood Marshall. Kundinta na digiri na biyu a 1939 a kan yadda ƙananan yara baƙaƙe ke fara gane kansu da launinsu ne. Mutane da yawa in an ambaci gwajin 'yan tsana sunan mijin suke kira, alhali tushen aikin nata ne, shi ma da bakinsa ya sha faɗin haka.

Daga Howard su biyun suka wuce Jami'ar Columbia a Niyok. Kenneth ya gama digirin digirgir a 1940, Mamie a 1943, su ne namiji da mace baƙar fata na farko da suka yi haka a wannan fanni a jami'ar. Sashen na Columbia gida ne mai ɗaki biyu. A ɗaki guda akwai Otto Klineberg, wanda a 1935 ya nuna cewa yaran baƙaƙe da suka ƙauro daga kudu, gwargwadon daɗewarsu a makarantun Niyok gwargwadon hauhawar makinsu a gwajin ƙwaƙwalwa, abin da ke nuna makaranta da muhalli ne ke aiki. A ɗaya ɗakin akwai Henry Garrett, wanda ya yi imani baƙar fata bai kai Bature basira ba. Shi ne kuma ya duba kundin Mamie. Ku riƙe sunansa, zai dawo.

Yanzu ga gwajin. Sun sami 'yan tsana huɗu, iri ɗaya sak, bambancinsu kawai biyu farare ne masu gashi rawaya, biyu kuma masu duhun fata da baƙin gashi. Sai a shigo da yaro shi kaɗai, a ce ya miƙo wadda yake so ya yi wasa da ita, ya miƙo mai kyau, ya miƙo mummuna, ya miƙo mai kyan launi. Sannan a ce ya nuna wadda ta yi kama da ɗan Bature, da wadda ta yi kama da baƙar fata. Tambaya ta ƙarshe, ya miƙo wadda ta yi kama da shi. A rahoton da suka fitar a 1947 yara 253 suka gwada, 'yan shekara 3 zuwa 7, dukkansu baƙaƙe, 134 daga Arkansas inda makarantu a rabe suke, 119 daga Springfield a Massachusetts inda ake cakuɗe. Kusan kashi biyu cikin uku suka zaɓi farar don wasa. Kashi 59 cikin 100 suka ce mai duhun fatar ce mummuna. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne tambayar ƙarshe. Yaro ya gama cewa wannan ce mummuna, sai kuma a ce ya nuna mai kama da shi. Wasu suka fashe da kuka, wasu suka fice daga ɗakin da gudu.

Duk da digirin, Mamie ta sha wuya kafin ta sami aikin da ya dace da ita: ga ta mace, ga ta baƙa. A 1946 ita da mijinta suka buɗe cibiyar Northside a wani ɗakin ƙarƙashin bene a Harlem, suna duba yaran unguwa. Da yawa daga yaran an riga an yi musu tambarin masu raunin ƙwaƙwalwa a makaranta, da aka sake gwada su a cibiyar sai aka ga lafiyarsu ƙalau. Ta shugabanci wurin fiye da shekara 30.

A 1951 lauyoyin ƙungiyar NAACP, ƙarƙashin Thurgood Marshall, suka nemi Kenneth. Tun hukuncin 1896 doka ta halatta raba makarantu muddin an ce daidai suke, lauyoyin kuma suna so su nuna wa kotu cewa rabawar kanta cuta ce ko da gini da benci iri ɗaya ne. Ya ɗauki 'yan tsanarsa ya tafi gundumar Clarendon a South Carolina ya gwada yara 16, 10 suka fi son farar, 11 suka ce baƙar ce mummuna. A shari'ar Virginia ta 1952 gwamnatin jihar ta kawo nata masanin don ya kare wariya. Wane ne? Henry Garrett, malamin Mamie. Ita kuma ta ba da shaida a ɓangaren yaran. Malami da ɗaliba a kotu ɗaya, kowa da gefensa. Ranar 17 ga Mayu 1954 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai tara baki ɗaya, ta yanke hukunci a shari'ar da aka sani da Brown cewa raba makarantun gwamnati bisa launin fata ya saɓa wa tsarin mulki. A bayani na 11 na ƙasan shafi, sunan K. B. Clark ne farko cikin masanan da kotun ta kafa hujja da su.

Sumner bai ga wannan rana ba. A watan Janairu na wannan shekarar, wata huɗu kafin hukuncin, zuciyarsa ta buga yana kwashe dusar ƙanƙara da shebur a ƙofar gidansa.

Gaskiya ɗaya ce, gwajin 'yan tsanan yana da rauni, masana kuma sun faɗa. Yara 16 sun yi kaɗan. Sannan a alƙaluman 1947 yaran arewa da ke makarantun cakuɗe sun ma fi na kudu zaɓen farar, abin da ke nuna cutar ta wuce bangon makaranta, tana cikin gari gaba ɗaya. Akwai kuma Inez Prosser, baƙar mace da ta gama digirin digirgir a Jami'ar Cincinnati a 1933, wadda bincikenta ya nuna yaran baƙaƙe da ke makarantun nasu, da malamai nasu, sun fi natsuwa da yarda da kai a kan waɗanda ke cikin Turawa ana yi musu kallon raini. Ta mutu a haɗarin mota a 1934, ba ta sami damar faɗaɗa aikin ba. Wannan ya tsaya mini a rai, domin ita ce muhawarar da muke yi a unguwanninmu kullum: a sa yaro a makarantar cikin Sabo inda ba mai kiransa aboki da gatse, ko a tura shi cikin gari ya gogu da 'ya'yan masu gari? Shi kansa labarin Howard ya ɗauki ɓangare biyun. A gidan nasu aka raine su, wurin malamin da bai taɓa shakkar ƙwaƙwalwarsu ba, amma takardar da kotu ta saurara daga Columbia suka karɓo ta, wani ɓangarenta ma daga hannun mai raina su.

Ba na cewa halinmu ɗaya da nasu. Babu dokar da ta hana ɗan Sabo zama a aji ɗaya da kowa, kuma da yawanmu Yarabawa ne suka koyar da mu tsakani da Allah. Namu ya fi kama da takardar shaidar asali da za a ce ka kawo daga garin da kakanka ya baro, garin da kai sau biyu ka taɓa zuwa, da kuma abin da mu da kanmu muke gaya wa yaranmu game da iyakar inda za su kai.

Kenneth Clark ya zama baƙar fata na farko da ya sami cikakkiyar kujerar farfesa ta dindindin a City College ta Niyok a 1960, ya kuma shugabanci APA a 1971, kujerar da Hall ya fara hawa, wadda Garrett ma ya hau a 1946. A ƙarshen rayuwarsa ya nuna takaici ƙwarai ganin makarantun Niyok sun ci gaba da zama a rabe, wannan karon saboda unguwa da talauci. Mamie ta mutu a 1983, shi kuma a 2005. Sai a watan Oktoba na 2021 ƙungiyar APA ta fito a hukumance ta nemi gafara kan rawar da fannin ya taka wajen ƙarfafa wariyar launin fata.

Daren Juma'ar da ta wuce na zauna na ba Baba labarin nan daga farko har ƙarshe, ƙanwata tana bakin ƙofa tana ji. Bai ce komai ba a kan kotu ko 'yan tsana. Abin da ya tambaya shi ne, "Shi wannan malamin, duk ɗaliban da ya yaye, babu yaron da zai karɓi shebur ɗin a hannunsa?" Na ce, "Baba, can ba haka suke yi ba, kuma bai sami haihuwa ba." Ya girgiza kai ya daɗe yana juya goro a hannu. Da safe kafin mu fita kasuwa ya ƙirgo kuɗin mota ya ba ni, ya ce ranar Litinin in raka ta Kano mu karɓo takardar asalin, kada lokacin cike fom ya wuce.